Jikata ta kai fuskata talla ƙasar waje

Mai shafi, ki taimake ni da shawara kafin a ce tsohuwa ta haukace. Karatuna na ajin manya ne, inda na karkace ki gyara.

Mijina tela ne, ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Ɗakin ɗinkinsa na ba jikata, 'yar babban ɗana, da ta dawo wurina wai gidansu hayaniya. Sana'arta zane. Ba a takarda ba, a wani allon gilashi, da alƙalami marar tawada. Masu ba ta aikin suna ƙasar waje, ko ƙafarsu ba ta taɓa gani ba, sai kawuna a cikin kwamfuta. Ta yi kwana da kwanaki tana zana hanci, wani ƙato mai gemu ya ce a rage, ta rage, ya ce a mayar yadda yake, ta washe baki tana godiya da Turanci. Ni kuwa in ce miƙo min tsintsiya, sai wai tana mitin. Kakanta in ka dawo masa da riga ka cika iyayi, ƙofa yake nuna maka.

Duk wannan na haɗiye. Bara ta fara lallaɓa ni, in ɗaga sandar marigayi, in murtuke, in buɗe baki kamar ina faɗa, tana ta ɗaukar hoto. Na ɗauka na tarihi ne, don in na mutu su riƙa kallo. Ashe talla aka kai ni.

Mai cajin waya na bakin layinmu ne ya kira ni yana dariya har da hawaye, ya nuna min wani gem da ake bugawa a waya. Wata tsohuwa ce a bakin gada tana rafka wa masu wucewa sanda. Wushiryata, tabon girata, ɗaurin kallabina a karkace, sandar marigayi har da tsagin da ya ɗaure da zare. Aka ƙara min ƙusumbi da farata kamar na shaho. Kuma wai sai an kashe ni ake haye gadar! Yanzu in na fita, ƙattin masu babur sai su gaishe ni da ladabi, su ce jiya da kyar suka kashe ni. Ni da ko ciwon kai bai kwantar da ni ba.

Da na tsare jikar tawa, wai in yi murna, mutanen can sun fi son tsohuwar a kan kowa. Na tambaya ko sun sa sunanta na mai zane a jikin gem ɗin, wai a'a, haka aka yi yarjejeniya. To ita ba suna, ni ba izini, su kuma ga fuska a ɓagas. Wannan ne wayewar?

Yanzu suna son kashi na biyu. Tana so in sake tsayawa a ɗauke ni, in na ƙi wai za su ba wani aikin, kuma su ne manyan masu ba ta aiki. Na ce ta naɗe wayoyinta ta koma gidan ubanta kafin wata ya mutu. Ɗana ya ce in bari in huce. Ban huce ba. In kore ta ne, ko in fara fasa allon?

Tsohuwar da ba ta mutu ba

Iya, barka da ƙoƙari. Allon dai a bar shi, ba shi ya yi miki laifi ba.

Jikarki ta yi kuskure babba. Ba a ɗaukar fuskar mutum a sayar ba da saninsa ba, balle ta kakarka, balle a haɗa da kayan mamaci. Farin jinin zanen bai wanke ta ba, kuma murnar da take nema ki yi ƙarin raini ne.

Amma sana'arta sana'a ce, Iya. Haƙurin da take yi da masu gyare-gyaren nan shi ne jarinta, don mai aikin kansa ba shi da ogan da zai tsaya masa. Kuma in gaya miki gaskiya, abin da ya riga ya fita da wuya ya dawo. Ko kin kore ta, tsohuwar na nan a wayoyin mutane, jikar ce kawai za ki rasa.

Na biyun ne a hannunki. Ki kira ɗanki, ku zauna ku uku. Ta ba ki haƙuri ba tare da wani "amma" ba. Ta rubuta wa mutanenta cewa mai fuskar ba ta yarda ba, a cire tabon, a sauya haƙoran da sandar. Gyara aikinta ne na kullum, wannan ba zai gagare ta ba. Kada ki sake tsayawa hoto sai kin ga dama, kuma duk zanen da ya yi kama da ke, idonki zai fara gani kafin ya fita.

In ta rubuta musu, ko sun ƙi, ki bar mata ɗakin, ta nuna kin fi su a wurinta. In ko tambayar ma ta kasa yi don tsoron ɓata musu rai, ki taya ta naɗe wayoyin, ba wanda zai ga laifinki.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya shirya miki zuri'a.