Barkono a Bakin Ɗankwali

Yaya Zuhre,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya su maigidanki Dursun da yara? Ɓauren gidana ya yi 'ya'ya bana, ko tsuntsaye sun riga ku?

Ni lafiyata ƙalau a Jamus. Ɗana Yashar ɗan albarka ne, ɗakina da ɗumi, ga nama kullum. Sai dai da safe kowa ya fita, a bar ni da kwarashi da zare. Ta taga ma babu mai wucewa balle in yi gulmarsa.

Kin tuna zamanmu a ƙofar Inna, mu tsinko furen rumman mu ajiye a cinya muna kwaikwayonsa a saƙa? Ke kan ce, “Dondu, wannan fure ne ko kunnen jaki?” A nan babu mai zagin saƙata. Komai na yi sai a ce ya yi kyau.

Ga ɗankwali na aiko miki, ki duba bakinsa. Kin dai san a garinmu matar da zama ya yi wa zafi ba ta magana, jan barkono take saƙawa a bakin ɗankwalinta kowa ya gani. Duk zamana da mijina marigayi Rifat, da jarabarsa, ban taɓa saƙa shi ba. Matar Yashar ta gani ta ce, “Inna, kai, ya yi kyau! Ki yi mini irinsa.” A nan aka haife ta, baiwar Allah, ba ta san ma'anarsa ba.

Ki ce wa Dursun ya gyara rufin ɗakina kafin ruwa ya sauka. Kada ya zuba buhunansa a ciki.

Allah ya sada mu.

Ƙanwarki,
Dondu