Shafin da Dattijo Pyo Ya Karanta

Yeosu, 9 ga Afrilu

Yaya Bun-nam,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taki, da maigidan, da jikoki? Busasshen kifin da na aiko ya iso kuwa?

Yaya, na yi abin kunya, kuma abin mamaki ban ji kunyar ba. Kin san cocinmu za ta cika shekara saba'in, aka raba mana Littafi Mai Tsarki mu kwafe shi da hannu. Ni aka ba Zabura, don duk ikkilisiyar nan babu mai kyan rubutuna, wannan kam ba yabon kai ba ne. Ina tsakiyar aikin ɗana Dong-pil ya faɗo daga jirgin ruwan da suke ƙerawa. Bayan jana'iza na koma kan takardata, sai hannuna ya ƙi kwafa. Na cika shafi guda da faɗa da Ubangiji. Na ce masa shekara arba'in ban fasa addu'ar asuba ba, ko a dusar ƙanƙara, ina yake da ƙafar yarona ta zame? Na ce idan barci yake, ya ji kunya.

Na manta shafin a cikin sauran, aka haɗa aka ɗinke da bangon fata. Jiya da asuba Dattijo Pyo, wanda tabaransa ya fi gindin kwalba kauri, ya buɗe littafin, ya faɗa daidai kan shafin nan. Ya karanta shi tas da murya mai rawa, a zatonsa Zabura ce. Jama'a suka ce Amin! Har Ok-bun mai sayar da kaguwa tana share hawaye. Fasto Yang kaɗai ya ɗago ya dube ni.

Lahadi za a zaɓi iyayen ikkilisiya mata, kuma sunana na cikin jerin. Shekara goma ina jiran wannan rana. Idan na yi shiru, na ci. Yi mini addu'a, ni bakina bai buɗu ba tukuna.

Ƙanwarki,
Gye-ok

Yeosu, 16 ga Afrilu

Yaya,

Ina fata kin samu sauƙi. Ga yadda ta kaya.

Ranar Asabar na je wurin Fasto da reza a jaka, na ce ya ba ni littafin in yanke ɓarnata. Ya ce, "Mama, ki yanke in kina so. Amma kin kwafi Zabura duka, ba ki ga masu faɗa da Ubangiji a ciki ba? Shi bai yanke nasu ba." Na mayar da rezar.

Lahadi kafin a raba ƙuri'a na miƙe. Na ce shafin nan ba Dawuda ba ne, ni ce, Gye-ok, kuma duk abin da na rubuta har zuciyata ne. Dattijo Pyo ya cire tabarau ya ce, "Af! Shi ya sa na neme ta a nawa littafin na rasa." Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaure fuska. Na faɗi zaɓen, Yaya, ƙuri'a huɗu suka rage in ci.

Amma da aka zo cin Jibin Ubangiji, na sunkuyar da kai don tiren gurasar ya wuce ni. Ok-bun ce ke riƙe da shi. Ta tsaya ƙyam ta ce, "Ke, ɗauki mana, hannuna ya gaji." Na ɗauka. Kukan da ban yi a kabarin Dong-pil ba, a nan na yi shi, a gaban kowa, kuma ban rufe fuska ba.

Shafin yana nan cikin littafin, a rubutuna, babu gyara ko ɗaya. Ubangiji ya riga ya yafe mini. Ni ce ban gama yafe masa ba, na kuma faɗa masa haka yau da asuba.

Ki gaida mutan gida duka. Ki daina hawa tudun nan da wannan gwiwar.

Taki har kullum,
Gye-ok