Ba a Hawa Dokin Mamaci

Bishkek

Meerim eje,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Ata, mahaifinku. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Tilek, ya sa ya huta.

Ni ne Kubat, dogon nan da ya zo jana'iza da takalmin birni ya yi ta santsi a ƙanƙara. Ina jin nauyin abin da zan roƙa, amma wuri ya ƙure mana. Kin san wasan yaƙin sararin samaniya da muke yi a intanet. Ƙaninki Tilek ne shugaban rundunarmu. Shi ya gina tashar da muke zaune, saƙonnin muryarsa ma suna nan a ciki, yana yi mana faɗa kan lalaci. Yanzu wata runduna ta yi mana ƙawanya, kuma a wasan nan abin da aka rushe ya tafi ke nan.

Jirgi ɗaya ne zai kore su, babban jirgin Tilek da ya sa wa suna Toru. Ba zan iya tuƙa shi ba sai da lambar da ake turowa wayarsa, wayar kuma tana hannunki. Karanto min ita kawai za ki yi, eje, yayata.

Ƙaninki,
Kubat

At-Bashy

Kubat,

Wa alaikumus salam. Haƙuri da godiya.

Na tuna ka. Kai ka fi kowa kuka, ga shi kai ka fara neman kayan mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Wayar tana nan. Kowace safiya sai ta yi ƙara ta ce, "Tilek, jirginka yana jiranka." Ji nake kamar in wurga ta kogi. Wasan nan ya raba ni da ƙanena tun yana raye. Sai ya zo hutu, in zuba masa shayi ya huce, shi yana can yana yaƙi da mutanen da ko fuskarsu bai sani ba.

Duk da haka na kai wa Ata maganarka. Yana jin sunan ya ajiye kofi.

"Toru? Sunan dokinsa ya sa wa abin?"

"Shi ne, Ata."

"Hawansa yake yi?"

"Haka yaron ya ce."

"To shi ma tul ne."

Kai ɗan birni ne, wataƙila ka manta. Ranar da muka binne Tilek, Ata ya datse wutsiyar dokinsa ya sake shi cikin garke, ba mai ɗora masa sirdi sai shekara ta zagayo. Tul ke nan. Na ce masa wannan fa hoto ne a allo. Ya ce, "Da hoto ne da bai raɗa masa suna ba."

Ba zan ba ka lambar ba. Ka gaida mutanen gidanku.

Meerim

Bishkek

Meerim eje,

Gaisuwa gare ki da Ata, da fatan an hau tudun kiwo da dabbobi lafiya.

Tashar ta faɗi. Mun yi iya ƙoƙarinmu da ƙananan jirage, suka yi ta tsince mu kamar kaza da gero. Na zauna ina sauraren muryar Tilek yana cewa, "Kubat, raƙumi sarkin barci, tashi ka kama aiki," har allon ya yi fari. Ban naɗi ko ɗaya daga saƙonninsa ba, don ban taɓa zaton za ta faɗi ba.

Runduna ta watse. Wasu sun koma wajen waɗanda suka rushe mu, wasu sun ce ni na kasa shawo kan mace ɗaya. Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Toru kaɗai ya rage, yana can a ɓoye inda mai shi ya bar shi.

Ki huta lafiya.

Kubat

At-Bashy

Kubat,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka sau biyu, kuma ban san akwai muryarsa a ciki ba. Me ya hana ka nanata min? Ko da yake ka faɗa, ni ce ban ji ba.

Juma'a mai zuwa shekara ke cika. Za a yi taron addu'a, a yanka dokin, a raba naman. Ata ya ce in gaya maka ɗayan ma ranar za a yanka shi. Na ce ya bari, shi kaɗai ya rage. Ya ce, "So kike ki bar yarona a ƙasa, dokinsa a sama?"

Ka kira ni da hantsi, zan karanto maka lambar.

Meerim

Bishkek

Meerim eje,

Gaisuwa. Allah ya karɓi addu'ar da aka yi.

Na cika umarnin Ata. Rushe Toru ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ni kuma ba ni da runduna, dole na aika wa waɗanda suka rushe mu. Shugabansu ya ɗauka tarko ne. Na ce masa, "Dokin mamaci ne, ku zo ku ci nama." Sai ya ce, "Mu ma a garinmu haka ake yi."

Na tuƙo shi fili, na sauke kariyarsa. Hawana na farko ke nan, kuma na ƙarshe. Suka jeru, suka buɗe wuta. Da ya fashe kowa ya ɗauki ɓaraguzai kaɗan ya tafi. Ni ban ɗauki komai ba. Na goge wasan daga kwamfutata.

Ki gaida Ata.

Kubat

At-Bashy

Ƙanena Kubat,

Ata ya gode, ya sa maka albarka. Na aika maka da kasonka na nama ta hannun direban tasi.

Yau da safe na zuba shayi na zauna kusa da wayar, kamar kullum. Shekara guda ban taɓa barin cajinta ya ƙare ba. Shayin ya huce, ba ta kira sunansa ba.

Ka riƙa rubuto min.

Yayarka,
Meerim