Fim Ɗin Sani da Gugan Inna

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Legas? Da fatan ƙafar Hajara ta yi sauƙi. Mu nan Gummi lafiya lau.

Samarin bayan gari sun shirya fim da kansu, ƙanenmu Sani ya fito a ɗan ƙwaya, kuma labarin rayuwarsa ne na gaskiya. Ashe wanda ya tsince shi cikin kwata, ya yi jinyarsa har ya daina sha, Buba ne, Bafillacen da Inna ta hana ɗibar ruwa a rijiyarmu, wai duk Fulani ɓarayin daji ne.

Inna ta kalli fim ɗin a wayata. Washegari ta kai wa Buba sabon guga da kanta.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Kuma ka kira Sani. Inna ta sauko, saura kai da har yanzu kake fushi da shi.

Ƙanwarka,
Rabi