Na Bayan Kunnen Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta zo yi mini kitso. Ita kaɗai ta iya tsaga a kaina, tana kewaye ƙululun nan da na gada wurin Inna, ita kuwa ko ɗaya bai fito mata ba. Da ta iso bayan kunnen hagu sai hannunta ya tsaya. "Yaya, wannan ya yi tauri. Da ba haka yake ba." Na ce kitso na kira ta, ba duba ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Jini a matashi. Sosawa na yi. Na juya matashin.

Laraba, 12 ga Maris
Auta ta ja ni asibiti da mitarta. Likita ya ce irin wannan ƙari na gado yawanci ba ya komai, amma jefi-jefi ɗaya kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Saurin girma da jinin nan ba su yi masa ba. Wai a aske gefen, a cire, a gwada. Na ce a gidanmu ba a sa masa wuƙa. An yanka na Inna, ba ta shekara ba. Na ɗauki jakata.

Asabar, 15 ga Maris
A shagona wata mai sayen atamfa ta ƙura wa ƙululun goshina ido, wai ana ɗauka? Na ce sai in ta yi dace Inna ta haife ta. Ta sayi turmin kuwa.

Lahadi, 23 ga Maris
Auta ta ƙi gyara mini kitso. "Ba zan ƙara rufe shi da hannuna ba. Ni nake wanke wa Inna kai. Nata ya daɗe yana jini tana ɗaura ɗankwali a kai. Ba wuƙa ce ta kashe ta ba, Yaya, ɓoyo ne." Na kore ta. Yarinyar da na goya! Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma bari in faɗa tunda ba mai karanta wannan, tsoro nake ji.

Talata, 25 ga Maris
Na tsefe kaina. Kitson ne ya tsufa, ba wani abu ba.
Gobe ba zan buɗe shago ba. Na aika wa Auta ta zo da wuri, ta taho da almakashinta. In dai askin da likita ya ce ne, baƙon hannu ba zai taɓa mini kai ba.