Lungun Yafendo Ya Toshe, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, na ɗauko ɗan bokon nan nawa da ya tsaya a aji huɗu don in kawo miki ƙarar garin Jalingo. Ko ƙarar kaina. Ban gama tantancewa ba.

Kin tuna lungun bayan gidanmu na Majidaɗi, wanda kike bi ki kai wa ƙanwarki, Yafendo, tuwo yana tururi? Ana saura kwana biyu ki rasu kika ce min, "Kada rana ta faɗi ba ka leƙa ta ba." Na amsa da ƙarfi, don a lokacin tafiyar ba ta kai tsawon alwala ba.

Inna, lungun babu shi. Gari ya miƙe yana neman taɓo garin Sunkani, amma duk sabuwar hanyar da mutum ya bi, sai ta kai shi ƙofar wani ta tsaya. Jikarki mai digiri ta ce hanyoyin sun yi yawa ne amma ba sa haɗuwa. Na gyaɗa kai kamar na gane. Yanzu sai na fita babban titi, na hau keke, na zagayo ta injin markaɗe. Ran Talata na ɓata, na faɗa gidan suna. Ban san su ba, amma masarsu ta yi daɗi.

Ga inda kunyar take. Maƙwabci ya matso da katangarsa taku ɗaya. Na gabansa ya yi shago. Da na ga abin da ya rage bai ishi akuya juyawa ba, sai na toshe, na yi wa kajina ɗaki. Bulon ƙarshe ni na ɗora shi, har da bismilla.

Shekaranjiya ina tsakar gida na ji Yafendo ta faɗi, tana kiran sunana ta bayan katanga. Ina jin numfashinta, Inna. Kafin in zagayo, baƙi ne suka ɗaga ta. Da na iso, sai kawai ta tambaye ni ya kaji.

Na aro guduma. An ce ko na fasa nawa, shagon yana nan. Ban san yadda za a yi ba, amma gobe da safe kajin za su tashi.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa hanyarki zuwa Aljanna ba ta bi ta filin irina ba.

Ɗanki mai guntun boko,
Baban takwararki