Kyautar da Ban Yi wa Wahala Ba

Port Richmond, New York

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya ƙafar Mama? Ina Baban Ishaya da yara da dukan mutanen gida a Numan? Kaset ɗinku ya iso, mun ji muryar kowa. Mu lafiya lau, sai sanyi.

Yaya, ina da ciki. Likita ta tabbatar.

Kin san shekarun da na kwashe ina azumi da alkawura don neman haihuwa. Bara na gaji na bari, addu'ar ma sai da ƙyar. Shi ya sa da aka gaya mini tsoro ya kama ni, kamar an kawo mini saƙon wata mata daban.

Ran Lahadi a cocinmu na Lutheran na zauna kusa da tagar da aka zana hoton Maryamu a gilashinta. Dusar ƙanƙara na sauka a hankali a bayanta, hasken shuɗin mayafinta ya kwanta a hannuna. Hankalina ya tafi gida, na riƙa ganinta yarinya kamar mu, tana dawowa daga kogi da tulu. Bayan sujada na ce wa fasto, "Ni ban cancanta ba."

Ya ce, "Maryamu ma ba ladan aiki aka biya ta ba. Allah ne ya dube ta da alheri, ita kuwa ta karɓa. Ke ma karɓa kawai."

A mota maigidana Bitrus ya riƙe hannuna, muka daɗe bai ta da injin ba.

Ki zaunar da Mama kafin ki gaya mata. Ku yi mana addu'a cikin nan ya zauna. Ki gai da Gwaggo Lami da matan zumunta.

Ƙanwarki,
Talatu